Tankin Ruwan Benenmu a Sharafiyya

Duk wanda zai rubuta tarihin adalci a duniya, in dai gaskiya yake son faɗa, kada ya fara daga kotu. Ya fara daga tankin ruwa. Na kai ga wannan matsaya ne bayan shekara talatin da biyar ina koyar da darasin Gwamnati a makarantun sakandare na Zariya, da kuma mako shida a Jidda, kuma mako shidan nan sun fi ba ni hujja.

Tun da na dawo, mutanen majalisarmu ta ƙofar shagon tela ba su bar ni na sha shayi cikin natsuwa ba. Wannan ya ce yaya Jidda, wancan ya ce da gaske ne ba a ɗauke wuta, Alhaji Sule kuwa tambayarsa guda ce kullum, wai na ga teku? Na gan shi, Alhaji. Ruwa ne mai yawa. Sauran labarin ga shi na rubuta, kowa ya karanta da kansa, ni kuma in huta.

'Yata Bilkisu ce ta haihu. Mijinta Nasiru yana aikin haɗa magunguna a wani asibiti a can, shekara shida ke nan, su suka aiko mini da bizar ziyara. Na yi umara, amma wannan tsakanina da Ubangijina ne, ba shi kuke tambaya ba.

Daga Zariya zuwa Kano babu abin faɗi, sai dai direban ya tsaya sau biyu yana neman inda wari ke fitowa a motarsa, ni kuwa na yi shiru kamar ba jakata ce ke ɗauke da daddawar da Bilkisu ta yi mini wasiyya a kanta ba. A jirgi aka haɗa ni kujera da wata Hajiya 'yar kasuwa wadda ta ce ita ta daina ƙirga zuwanta Jidda. Ta ɗaura mini bel, ta nuna mini yadda ake buɗe teburin cin abinci, ta kuma hana ni cin wani abu fari da na ɗauka cuku ne, ashe tsumman goge hannu ne aka naɗe. Ban taɓa zama ɗalibi mai biyayya irin na wannan rana ba.

A filin jirgin Jidda na'urar ɗaukar zanen yatsa ta ƙi ni. Jami'in, wani saurayi mai ladabi, ya gwada babban yatsana, ya goge, ya sake gwadawa, ya shafa mini wani ruwa mai sanyi, duk a banza. Ya tambaye ni sana'ata. Na ce malamin makaranta. Ya riƙe hannuna ya duba kamar mai duba ƙasa, ya ce mahaifinsa ma haka yatsunsa suke, alli ya cinye su. Muka bi yatsu ɗaya bayan ɗaya, layi yana tsawo a bayana, har muka iso ɗan ƙaramin yatsan hagu, na'ura ta yi ƙara ta amince. Da shi na shiga ƙasar Saudiyya, yatsan da bai taɓa tsinana mini komai ba a rayuwa. Na wurin duba kaya kuwa ya buɗe ƙullin daddawa, ya rufe da sauri, ya ce abinci ne ko magani? Na ce ya danganta da wanda ya dafa. Ya yi mini nuni da hannu in wuce, bai ƙara numfashi ba sai da na yi nisa.

Su Nasiru suna zaune a Sharafiyya, unguwa mai cunkoso da shaguna, a hawa na huɗu na wani bene mai hawa shida. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ƙofofi. Gida goma sha biyu a gini ɗaya, amma kowace ƙofa a rufe kamar ta banki. A Tudun Wada ina sanin miyar da maƙwabcina zai sha tun kafin shi ya sani. A nan sai a lif kuke haɗuwa, ku yi sallama, kowa ya ɗaga kai yana karanta lambobin hawa kamar za a yi masa jarrabawa a kansu. Ɗakin da aka ba ni kuwa na'urar sanyaya shi ba ta san wasa ba. A garin da rana ke narka kwalta, ni da safa da hula nake kwana.

Karin kumallo wake ne da suke kira ful, an dama shi da man zaitun, sai wani faffaɗan burodi mai suna tamis da ake fitarwa daga tanderu. Rana ta uku na ce ni zan sayo. Larabcina na littafi ne, na zaure, wanda na sha bulala a kansa. Na tsaya gaban mai tanderu na jera masa jimla cikakkiya, da wasali da tanwini, ina neman burodi uku. Mutumin ya saurare ni har ƙarshe, ya ɗaga hannu biyu ya ce amin.

Ina tsaye ina tunanin inda na yi kuskure sai na ji murya a bayana da Hausa.

"Ya Ustaz, ce masa talata tamis, halas, shi ke nan. In ka yi masa huɗuba sai Juma'a zai ba ka."

Haka na san Malam Haruna, harisin benenmu, wato maigadi, kodayake gadi shi ne mafi ƙanƙantar aikinsa. Shi ke share matakala, ya fitar da shara, ya canza tukunyar gas, ya wanke motocin masu haya da sassafe, ya kuma kula da ruwa. Dogo ne, baƙi kamar ni, zai yi shekara hamsin da biyar. Kakansa ya taso daga ƙasar Katagum a ƙafa zai je hajji, ya tsaya noma a Sudan don ya huta, hutun ya kai shi kabari. Ubansa ya ƙetaro teku ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Jidda. Shi Haruna a unguwar Nuzla, nan Jidda, aka haife shi. Fasfonsa na Sudan ne, ƙasar da ya taɓa gani sau ɗaya yana ɗan shekara goma sha biyu. Nijeriya kuwa a bakin baƙi yake jin ta. Hausarsa irin ta kakanninmu ce, an yayyafa mata Larabci.

"Zariya har yanzu akwai ganuwa?" ya tambaye ni.

"Akwai inda ta kasance."

"Ya salam. Kakana ya ce mutum kan doki ba ya hango bayanta."

"Yanzu akuya ma tana hangowa."

Wata Juma'a ya kai ni gidansa a Nuzla, lunguna matsattsu, wayoyin wuta a sama kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi. Muka ci tsire, tsirenmu na ƙuli-ƙuli, wanda Larabawan Jidda suke layi a kansa suna kiransa siriya kamar su suka ƙirƙiro shi. 'Ya'yansa mata biyu suka gaishe ni. Ina yi musu Hausa suna ganewa sarai, suna amsa mini da Larabci. A nan ya nuna mini iƙamarsa, katin izinin zama. Sunan mai benenmu ne a jiki a matsayin kafili, wato wanda ya tsaya masa. In mai bene ya sake shi, kuma bai sami wani ba, sai fita ta ƙarshe, shi da iyalinsa, zuwa ƙasar da ake yaƙi a cikinta kuma ba su san kowa ba. Ya faɗi wannan yana miƙo mini albasa, kamar yana ba ni labarin yanayi.

Yanzu sai ruwa. A Jidda famfo ba kullum yake kawowa ba. Kowane bene yana da rijiyar siminti a ƙasa da tanki a kan rufi, in sun ƙafe sai a kira tankar ruwa, wadda suke ce wa wayit, a jira ta. A mako na uku da zuwana ruwa ya yanke sau biyu. Mu da muka taso da jarka ba mu ga abin tashin hankali ba, amma mutanen benen sai ka ce an yi juyin mulki. A lif ma aka fara magana.

Ranar Laraba Nasiru ya dawo daga aiki ya ce an shigar da ƙarar Haruna gaban lajana.

Lajana kwamitin masu haya ne, mutum biyar. Mai benen yana zaune a Riyad, ba ya son a dame shi, don haka ya ce duk wani ƙorafi a fara kai wa mutum biyar ɗin nan, su duba ko ya isa a aika masa. Ba sa yanke hukunci, tace ƙara kawai suke yi. Sai dai Nasiru ya ce duk takardar da ta isa Riyad, mutumin sa hannu kawai yake yi, bai taɓa mayar da ko ɗaya ba. Ana rufe ƙofa. Abin da aka faɗa a ciki ba ya fita. Mai ƙara ne kaɗai ke kawo hujja. Wanda ake ƙara ba a kiransa, wai don kada a kunyata shi.

Na ajiye cokali. Wannan ai darasina ne na aji biyar. Shekara da shekaru ina koya wa yara cewa a Amurka, kafin a gurfanar da mutum kan babban laifi, akan tara mutanen gari a ɗaki a rufe, su saurari mai gabatar da ƙara shi kaɗai, su ce ko akwai abin kai wa kotu. Ina kuma koya musu kukan da baƙaƙen fatar ƙasar suka daɗe suna yi, cewa su ake tattaunawa a ɗakin amma ba su ake zaunarwa a cikinsa ba. Yara suna rubutawa suna hamma, ni ma wani lokacin haka. Ban taɓa zaton zan tarar da abin da ransa a hawa na biyu na wani bene a Sharafiyya ba.

"Kai ka taɓa zama a ciki?" na tambayi Nasiru.

"Baba, karɓa-karɓa ake yi, gida-gida. Shekara shida layin bai iso hawa na huɗu ba. Yana zuwa na uku sai ya yi tsalle."

"Su wa aka taɓa kai ƙara?"

Ya ce an kai wani mutumin Sham da ke toshe hanyar mota, aka ce a yi haƙuri da juna. An kai wani Bamisire da ya fasa bango ba izini, aka ce a yi haƙuri da juna. An kai wata Bahabashiya mai aikin shara, takarda ta tafi Riyad a ranar.

Wannan karon ɗaya daga cikin biyar ɗin ya yi tafiya, ana bukatar cikon hannu don kada ƙuri'a ta yi kunnen doki, sai aka tuna da hawa na huɗu. Nasiru kuwa yana da aiki ranar Asabar. Na ce ni zan je. Bilkisu ta ce, "Baba, don Allah ban da jawabi." Na ce mata ni mai sauraro ne. Na sa aka goge mini babbar riga.

Bayan la'asar muka zauna a falon Abu Tariƙ, wakilin mai bene kuma shugaban lajana, dattijo mutumin Sham mai fara'a, wanda ya rungume ni ya zaunar da ni kusa da shi saboda furfurata. Akwai Muhandis Majdi, injiniya Bamisire, shi ne mai ƙara, kuma shi ma yana da ƙuri'a, abin da ko Amurkawa ba su kai ga ƙirƙirowa ba. Akwai Ammu Salihu, Bayamane mai kantin turare, wanda ya zo da alamar barcin rana bai ishe shi ba. Na huɗu wani Bapakistane ne mai shiru, da ya yi ta duba agogo, ni ne cikon na biyar.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Haruna ne, da tiren shayi. Ashe shi ke kawo shayin lajana kullum, har da na yau. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana zubawa, ya saka wa kowa ganyen na'ana'a, ya ce a sha lafiya, ya ja ƙofa. Bai dube ni ba.

Muhandis Majdi ya fito da waya. Hoto na farko Haruna da bokiti. Na biyu Haruna da tiyo. Na uku Haruna da bokiti, daga wani ɓangaren. Ya ce shi injiniya ne, ya san abin da gida goma sha biyu ke sha, ruwan nan fita yake yi, kuma mutum ɗaya ne ke riƙe da makullin famfo. Matarsa ba ta da lafiya, kwana biyu tana hawa na biyar babu ruwan alwala. Wannan gaskiya ne, na kuma ji tausayinsa. Sai ya ƙara da cewa, "Kuma dai mun san irinsu."

Ya juyo ya gan ni. Ya dafa ƙirji.

"Ban da kai, ya Hajji. Kai mutum ne mai ilimi."

Na gode masa. An sha cire ni daga cikin dangina don a girmama ni, amma ba a taɓa yi mini da shayi a hannu ba.

Abu Tariƙ ya ce to, yalla, a ɗaga hannu, magariba na zuwa. Bapakistanen har ya fara ɗaga nasa. A nan na karya alkawarin da na yi wa Bilkisu. Na miƙe, na gyara riga, na yi musu jawabi da Larabcin zaure. Na yi maganar shaida da zato, na yi maganar wanda ake yanka masa riga ba a auna shi ba, na tambaya ko hoton mai wankin mota riƙe da bokiti hujja ce ta wani abu ban da cewa yana zuwa aiki. Na kai minti goma. Da na zauna, Ammu Salihu ya buɗe ido ya ce, "Ma sha Allah. Me ya ce?"

Sai na bi shawarar da aka ba ni a gaban tanderu, na rage kalmomi.

"Tanki. Wa ya hau ya gani?"

Babu wanda ya hau. Lif a hawa na shida yake tsayawa, daga nan sai matakala, ga zafi. Injiniyan ma daga ƙasa ya yi lissafinsa. Abu Tariƙ ya ce babu bukata, tanki tanki ne. Ammu Salihu kuwa, wanda barci ya sake shi sarai, ya ce shi shekara goma sha ɗaya yana gidan nan bai taɓa ganin rufin ba, yau sai ya gani.

Muka hau, dattawa biyar a jere, kowa yana riƙe da ƙarfen matakala yana tuna zunubansa. Abu Tariƙ ne a baya, makullin ƙofar rufin kuma daga aljihunsa ya fito.

Aljanna ce ƙarama. Rabin-rabin durom an jera su layi uku, na'ana'a ta yi kore shar, ga raihani, ga tumatir, ga bishiyar lemun tsami har biyu, ga kurciyoyi suna wanka a faranti. Daga gindin tanki wani siririn tiyo ya fito, an huda shi wuri-wuri, yana bin duromin nan ɗaya bayan ɗaya yana ɗiga, dare da rana, ragowar tana gangarawa magudana.

"Wannan ai ɗigo ne kawai," in ji Abu Tariƙ. "Ɗigo! Ya jama'a, mutum ya bar ƙasarsa, ya bar gonar ubansa, ba zai shuka ganye huɗu ba?"

Ammu Salihu ya tsinki na'ana'a ya sansana. "Wallahi ita ce muka sha yanzu. Ya Muhandis, kai kofi biyu ka sha, kai ma a rubuta sunanka."

Injiniyan ya tsuguna ya tara hannu a ƙarƙashin tiyon, ya daɗe yana kallon tafinsa yana cika. A nan kan rufin aka ɗaga hannu. Huɗu suka ce kada takarda ta tafi, Abu Tariƙ ne ma ya riga kowa. Muhandis Majdi shi kaɗai ya tsaya a kan bakansa, ya ce ɗigon nan bai kai yawan ruwan da ke ɓata ba, akwai saura. Ba wanda ya saurare shi. Na dube shi da irin kallon da nake yi wa ɗalibin da aka kama da takarda a safa yana cewa ba tasa ba ce.

Sauran kwanakina a Jidda na yi su ne da tafiyar mutumin da ya gyara duniya. A lif ana ce mini ya Ustaz. Na ba Nasiru labarin sau uku, duk da dokar rufe baki, kuma kowane karo jawabina yana ƙara tsawo. Na fara tsara yadda da ina aji zan koyar da shi: ga abin da ke faruwa in an bar mutum ɗaya mai kama da wanda ake tuhuma ya shiga ɗakin.

Ranar komawata, da hantsi, Haruna ya sauko mini da jaka zuwa motar Nasiru. Na riƙe hannunsa na ce ya kwantar da hankalinsa, ni tun ranar farko na san ƙazafi ne, mutum irinsa ba zai yi haka ba.

Ya saka jakar a but, ya rufe, ya goge hannu a jikin rigarsa.

"Ya Ustaz, Allah ya saka da alheri. 'Ya'yana suna yi maka addu'a, wallahi, da sunanka. Amma ka san wani abu? Su ba su tambaye ni ba."

"Ai shi ne abin da na yi ta faɗa musu."

"Kai ma ba ka tambaye ni ba."

Na yi dariya, na ce to, ga shi na tambaya. Ya duba hagu, ya duba dama, ya nuna mini tsallaken titi da haɓa, ya faɗa mini, sannan ya buɗe mini ƙofar mota ya ce in gaida ganuwa.

Mota shida na benen da ke kallon namu yake wankewa da ruwan tankinmu, kowace safiya, shekara tara ke nan.